Mai Busasshen Lemun Tsami a Kasuwar Sohar

A bakin kasuwar Sohar, wani gari a gaɓar teku, inda inuwar rumfa ta ƙare, wani dattijo yana zaune gaban buhun busasshen lemun tsami. Zuwaina ba ta san shi ba, hannuwansa ne suka tsayar da ita. Har gwiwar hannu duk tabon ƙaya ne, tsofaffi, babu sabo ko ɗaya. Irin hannun mahaifinta ke nan, na wanda ya tsufa yana kutsawa cikin rassa, yana tafasa lemu a ruwan gishiri, yana shanya shi har ya yi baƙi.

Ta ɗauki guda ta girgiza a kunne, yadda ake gwada mai kyau.

"Baba, na gonarka ne?"

"Na jirgin ruwa ne, 'yata, daga waje ake kawo shi. Gishiri ya shiga rijiyata, cuta ta cinye abin da ya rage."

"Ai duk tsamin ɗaya ne."

"Haka ɗana ya ce, ranar da ya kawo motar da ta tumɓuke itatuwan."

Sai ya zura hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙaramin lemu da ya yi sheƙi saboda yawan shafa. Ya kai shi hanci, ya daɗe, ya mayar. Bai miƙa mata ba. Wataƙila na bishiyar ƙarshe ne, wataƙila ma ƙanshin ya tafi tuntuni.

Ya dubi hannuwansa ya ce, "A da kullum sai na zagi ƙaya. Yau ga shi na rasa mai sukata."