Manhajar da Ta Nemo Min Muryar Baba

Babana mawaƙin masunta ne a Warra, ya rasu ina ƙarama. Abin da ya rage mana na muryarsa kaset ɗaya ne, waƙa guda a ciki, Inna na ajiye da shi a kwalla.

Bara na ɗauki waƙar da waya, na ɗora ta a intanet don dangi su ji. Kafin la'asar saƙo ya shigo, wai an toshe ta, domin mallakar wani kamfani ce. Raina ya ɓaci. Waƙar ubana, a ce sai na nemi izini?

Na kai kukana wurin wata abokiyar aikina da ke koyar da kwamfuta a makarantarmu ta Yelwa.

Ta ce, "Ba mutum ya kama ki ba. Manhaja ce ke yawo a intanet tana saurare, in ta ji waƙar da aka yi wa rajista sai ta tare. Amma duba ƙasan saƙon."

Na duba. Ga sunan Baba, ga sunan faifai. Ashe tun yana saurayi kamfanin ya naɗi waƙoƙinsa shida, ba mu sani ba.

Na kunna wa Inna su tana bandar kifi. A waƙa ta uku ta bar abin da take yi, ta zauna.

Ta ce, "Wagga ni ya yi ma ita, tun ba mu yi aure ba."

Har yau, in na tuna manhajar nan, albarka nake sa wa wanda ya ƙirƙiro ta.