Ɗigon Jinin Sadiku

A Gulma na tashi, a hannun kakata Inno. Bayan magariba takan ɗora tukunyar turara shinkafa, mu kuma mu kewaye murhun muna gasa ƙafa. Sai ta gyara itace ta ce, "To, ga ta nan tahe, wa ka tarbon ta?"

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Matar wani masunci ce ta ga ɗan kifi mai kyau a bakin gulbi, ta ji tsoron kada zai cinye shi. Ta kai shi gida, ta wanke sabon tulu, ta turara shi, ta zuba ruwan rijiya garau. Da safe kifin ya juya ciki sama.

Mukan ce muguwa ce. Inno ta ce, "Muguwa mi? Sonai takai, ɗiyana. Ba ta dai san abin da jikinai ka so ba." Ni barci nake ji.

Da na haifi Sadiku, na cika akwatin kayansa da kafur saboda kyankyaso, yadda kowa ke yi. Kwana huɗu idonsa ya yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, a shanya shi a hantsi. Sai da ya daina kama nono muka tafi asibiti a Birnin Kebbi.

Mai gwajin jini ta yi mini bayani a hankali, don ban yi nisa a boko ba. Ta ce akwai wani sinadari a jini mai tsaron ƙwayoyinsa. Sukan gauraya jinin da magani, su ɗiga a takarda, su sa ƙarƙashin wata fitila. In sinadarin yana aiki, ɗigon zai yi haske. Na Sadiku bai yi ba. Ta shinshina zanen goyona ta ce, "'Yar'uwa, kafur kike sa masa?" Na ce e, har da alfahari na faɗa.

Ta ce ba laifina ba ne, haka aka haife shi, kafur ɗin dai ya fasa masa jini. Kowa haka yake ce mini. Inno ma da tana raye ba za ta ce muguwa ce ni ba, kuma hakan bai rage mini komai ba.

Yanzu shekararsa biyu, wuyansa bai tsaya ba. Nakan zagaya bayansa in kira sunansa, in ga ko yana ji. Jiya sau bakwai na kira.