Iya Hajo Mai Kiran Gidaje

A Alhilla Kuku, duk wanda ka tambaya gidan Iya Hajo zai nuna maka, don rabin unguwar da kisrarta, siririyar gurasar nan ta dawa, ake cin abincin rana. Kakanta da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, ya yada zango a garin Maiurno da ke kudu da Khartoum, bai ƙara gaba ba. Mahaifinta ne ya hauro Khartoum neman aiki, a nan aka haife ta. Ta yi karatun allo har ta iya haɗa baƙi. Daga nan sai aure, sai zaman gaban saji, baƙin faifan ƙarfen nan da ake yaɓa ƙullin kisra a kai. Kullum da hantsi nakan je karɓo wa shagon wake da nake aiki kisra, ita kuwa Iya Hajo ba ta sallamar mutum da wuri. A zaman jiran nan na ji wannan labari guntu-guntu, tana magana hannunta na zagaya saji. Ƙarshensa ne kawai na gani da kaina.

Mijinta, Usta Abdulmajid, ya yi shekaru yana aikin injin sassaƙa ƙarfe a Bahri. In an tashi daga aiki ba ya zuwa gida kai tsaye, sai ya biya kulob ɗin ma'aikata ya buga shataranj, darar nan ta sarki da waziri da dawakai. Iya Hajo ta ce duk tsawon aurensu ba ta taɓa tambayarsa yadda ake wasan ba. Abin da ta sani shi ne yana sa miya ta huce.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Da fari hazo-hazo yake gani, daga baya ya daina gani ɗungum. Usta ya shige ɗaki ya zauna. Ya daina zuwa masallaci, don ya ce ba za a ja shi da hannu a layin da ya saba wucewa ana gaishe shi ba. Abokansa na kulob in sun zo, sai ya ce a ce musu yana barci, har suka gaji suka daina zuwa. Ƙafafunsa suka fara kumbura. Likita ya gaya wa Iya Hajo a fili cewa in mutumin nan bai riƙa takawa ba, ƙafafun ma za su bi idon. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta sa 'yarsu Fadila ta kira daga Kosti ta yi masa kuka a waya. Ko bakin ƙofa bai je ba.

A shekarar ne wata tashar talabijin a Omdurman ta fara nuna gasar shataranj kowace Juma'a bayan la'asar. An yi hutun ƙwallo, mutane ba su da abin kallo, sai suka kalla. Kafin wata biyu abin ya shiga gari. Yara na zana gidaje a bayan kwali suna wasa da marafan kwalba. A Kasuwar Libiya allunan roba suka ƙare. A wurin masu shayi sai ka ji mutanen da ko tafiyar doki ba su sani ba suna musu a kan wanda ya fi iyawa, tsohon likitan nan mai furfura ko saurayin nan ɗan garin Madani mai cizon yatsa.

Wata Juma'a Iya Hajo ta bar talabijin a kunne a rumfa tana tankaɗe, sai ta ji murya daga ɗaki.

"Hajo, ƙara murya."

Ta ƙara. Can sai ga shi ya lallaɓo yana bin bango, ya zauna a bakin gadon rumfa. Rabon da ya zauna a wurin har ta manta. Mai sharhi yana cewa, "Ku duba nan, jama'a. Da ya sa wannan a can, da an gama. Amma ku ga abin da ya yi."

Usta ya karkata kunne ya ce, "Ina ne nan? Ina ne can?"

"Yana dai nunawa da wata kibiya ja."

"Kibiya," in ji shi. Ya ɗan ƙara zama, sannan ya tashi ya bi bangonsa ya koma ciki.

Ran Lahadi Iya Hajo ta bar wa maƙwabciya saji, ta yafa tobinta na fita, dogon mayafin nan da mata ke naɗawa, ta hau mota biyu ta ƙetare gada zuwa Omdurman. Ta zauna a ƙofar tashar tun hantsi har azahar ta wuce, mai gadi na cewa ta dawo gobe, ita tana cewa ba ta da gobe, tana da ƙulli a gida yana tsami. A ƙarshe wata yarinya mai suna Samar, cikin masu shirya shirin, ta fito ta saurare ta. Iya Hajo ta ce mata, "'Yata, akwai masu kallonku da kunne. Ku ce wa mai maganar nan ya riƙa faɗin sunan wurin, ya bar nan da can." Samar ta riƙe mata hannu ta ce wallahi za ta faɗa.

Ta kuwa faɗa. Juma'ar da ta biyo, mai sharhi ya kira sunayen gidaje a farkon wasa tiryan-tiryan, Usta na gyaɗa kai. Da wasa ya yi zafi sai mutumin ya manta, ya koma nan da can. Iya Hajo ta ce ba ta ga laifinsa ba, mai ido ne, haka bakinsa ya saba.

Bayan an gama shirin ta ce, "Usta, koya mini."

"Me?"

"Sunan gidajen. Ni zan riƙa faɗa maka."

"Ke da ba ki san doki da giwa ba?"

"Na san doki, yana da kai. Sauran ka faɗa."

Ya ce ta ƙyale shi. Ba ta ƙyale shi ba. Ta ciro 'ya'yan shataranj ɗinsa daga ƙarƙashin gado, ta ɗaura wa baƙaƙen zare a wuya don ya bambance su da hannu. Da ta ga suna faɗuwa in ya lalube su, sai ta cika babban faranti da yashi mai laima, ta ja layuka da igiya, aka riƙa kafa su a ciki kamar yadda tsofaffi ke kafa tsinken dara a ƙasa. Ta ajiye farantin a gabansa ta koma kan aikinta. Ta ce ya yi kwana biyu bai taɓa ba, a na uku ta tarar ya jera su.

Shi ne ya gaya mata. Layukan da suka miƙe daga gabanka zuwa gaban abokin wasa, haruffa ne: alif, ba, jim, dal, har takwas. Waɗanda suka gitta, lamba ne, daga ƙasa zuwa sama. Talabijin ɗinsu tsohuwa ce, ƙananan rubutun gefen allo ba sa fita, don haka da yatsa za ta ƙirga a jikin gilashi.

Juma'a ta zo. Ta durƙusa gaban talabijin, shi yana bayanta da farantinsa.

"Farin soja, daga dal biyu zuwa dal huɗu."

"Tamam." Ya kafa.

"Baƙi ya tare shi, dal biyar. Farin doki ya fito jim uku."

Haka suka yi ta tafiya, dawakai suka fito, giwaye suka fito, Usta har yana cewa ya san wannan buɗin, ya sha buga shi a Bahri. Sai ta ce, "Dogon nan na dal ɗaya ya koma ba ɗaya."

Hannunsa ya tsaya. "Waziri? Me zai je yi a lungu tun yanzu?"

"Ni dai ya je. Kuma hasumiyar gefe ta tsallake shi ta zauna a jim."

"Hasumiya ba ta tsallake waziri."

"Ta tsallake."

"Hajo, shekara nawa ina wasan nan? Ba ta tsallakewa."

"To ni da idona na gani."

Ta ce tana faɗin haka ta so ta haɗiye harshenta. Ta jira ta ji ya tashi ya bi bango. Bai tashi ba. Yana ta shafa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, can ya ce, "Da kika ce alif, daga wane gefe kika fara?"

"Daga dama mana. Daga ina ake fara alif?"

Sai kafaɗun Usta suka fara rawa. Dariya yake yi har da tari. A allon shataranj daga hagu ake farawa, shi kuma bai faɗa mata ba don bai taɓa tunanin abin faɗa ne ba. Duk wasan nan a juye ta ba shi. Dogon da ta gani sarki ne ya shige lungu hasumiya ta rufe shi, abin da kowane ɗan wasa ke yi.

"Wato duk malaman da suka koya mini karatu a banza," in ji ta.

"Ba a banza ba, ya Hajiya. Ki dai karanta wannan kamar kafira."

"Allah Ya shirye ka. Maido su, mu sake."

Daga ranar ba ta ƙara juyawa ba. Ta riƙa bita tana gaban saji, in na zo da hantsi sai in ji tana "waw uku, zai biyar" ƙasa-ƙasa, wani lokaci har kisra ta ƙone a gefe. Sannu a hankali ta daina sa yatsa a gilashi. Ta kuma zaɓi gwaninta, saurayin Madani, wai don yana kama da wanda ba ya cin abinci ya ƙoshi. Usta yana bayan tsohon likita. Ya dawo cin abinci a rumfa, ya dawo musu. Amma ƙofar gida har lokacin bai taka ba, ƙafafun kuma ba su saɓe ba. Iya Hajo ta ce mini daga ɗaki zuwa rumfa ba tafiya ba ce.

Ranar wasan ƙarshe, likita da saurayin ne suka rage. An yi nisa, kowa ya ci 'ya'yan kowa, sai aka ɗauke wuta. Suka jira, ba ta dawo ba. Daga bakin titi ana jin ƙarar janareton Dauda mai shagon kayan sanyi, wanda yakan fito da talabijin waje kusa da mai shayi.

Iya Hajo ta tashi ta ɗauki tobinta.

"Ina za ki?"

"Wurin Dauda."

"Cikin maza?"

"Na haifi rabinsu, sauran kuma kisrata ta raine su."

"To ki je ki dawo ki faɗa mini."

"Ba zan iya riƙe su a kai ba, Usta. Ni gidaje na iya kira, ban iya ajiya ba. Kuma ina so in ga yadda yaron nan zai ƙare." Ta sunkuya ta ɗauki farantin yashin ta ɗora a ka. "Wannan ma da shi zan tafi."

Ta ce ta taka a hankali zuwa zaure, ba ta waiwaya ba. Ta buɗe ƙofa. Ta tsaya tana gyara tobi, gyaran da bai buƙata.

"Hajo."

"Na'am."

"Ba za ki riƙe mini hannu ba."

"Hannuna na kan faranti, da me zan riƙe ka?"

Ina wurin Dauda a ranar, don haka na ga isowarsu. Ita a gaba da faranti a ka, shi a baya cikin jallabiya da rawani, ya kama bakin tobinta da yatsu biyu, yana tafe a miƙe kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kowa ya juyo. Dauda ne ya fara magana, ya jawo kujera ya ce, "Ya Usta, ka zo a daidai. Mutanen nan tun ɗazu suke ta ihu ba wanda ya san wa ke cin wani."

Iya Hajo ta ajiye faranti a kan benci, ta tsaya gaban talabijin ta kira masa inda kowane ɗa yake, ɗaya bayan ɗaya, ya gyara kafinsa. Daga nan duk wanda aka motsa sai ta ɗaga murya ta faɗa. Wani ya ce a rage muryar mai sharhi, ta Iya ta fi fita. Mutane suka bar gilashi suka zagaye faranti. Wani direban raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya ce likita ya gama yawo, tunda an cinye masa hasumiya.

"Da gangan ya ba shi ita," in ji Usta.

"Wa ke ba da abu babba haka da gangan, ya Usta?"

"Kawo hannunka." Ya kama yatsan direban ya ɗora a kan doki, ya ja shi bisa yashi. "Nan za shi. In ya je, sarkin yaron ina zai bi?"

Direban ya duba, ya duba. "To in ya gudu ta nan fa?"

"Gudu ta nan ɗin. Hajo, ya motsa?"

"Bai motsa ba, yana cin yatsa."

Wasan ya ja har rana ta yi ƙasa. Iya Hajo ta dubi sama ta ce ita fa ƙullin gobe bai kwaɓu ba, kuma ba wanda zai kwaɓa mata. Ta ce, "Usta, tashi mu je, ka ji sakamako a bakin mutane."

Bai ko juyo ba, hannunsa na kan faranti. "Je ki. Kiran ya rage kaɗan, Dauda ya iya karanta na gefen allo. In an gama zan bi su masallaci, sa rako ni."

"Ka tabbata?"

"Hajiya, kina tare wa mutane talabijin."

Ta gyara tobinta ta kama hanya ita kaɗai. Washegari da na je karɓar kisra na gaya mata gwaninta ya sha kashi, likita ne ya ci. Ta ce ta ji, tun asuba ake mata gori a gidan. Na tambayi ina Usta yake in gaishe shi. Ta ɗaga kisra daga saji ta ɗora a kan 'yan'uwanta, ta ce ya fita.