Dakaren da Ke Gaban Kaigama

A gidanmu na Soron Ɗinki, da an sallame sallar magariba muke taruwa a ɗakin kakarmu, Iya Fanna. Takan jawo kasko kusa da ƙafafunta, ta tona garwashi, ta yafa ɗan turaren wuta. Iyayenta daga Borno suka zo, kuma abin da ta gada a wurin mahaifinta jaka ce ta saƙi cike da 'ya'yan tsatsarandi, wasan da yau muke kira ces. Da gawayi take zana gidajen a daɓe. Dokin da ya ɓata, ƙwallon dabino ne a madadinsa.

Wani dare na damina, ruwa na dukan indararo, ta jera 'ya'yan wasan ta ce, "Ga ta nan ta iso, mai barci ya ba mu wuri."

"Ta shigo mu ji ta," muka amsa.

Wai an yi wani Mai, wato sarki, da ya fusata da wata unguwar marina, ya sa aka kamo mazanta goma sha shida. Ya ji labarin babbansu, Bukar, ya iya tsatsarandi, sai ya ce su buga. Kowane ɗa a gefen Bukar mutum guda ne cikin mutanensa. Ɗan da aka ci, a fita da mai shi bayan gari a kashe. In Bukar ya kashe sarkin allo, waɗanda suka saura su koma gida.

Bukar bai kai hari ba. Ya tattara 'ya'yansa jikin sarkinsa, ya ƙudundune a lungu. Mai ya turo dawakai, ya turo dakaru, yana dariya. Duk ɗan da aka ci, sai Iya ta ɗauke shi a hankali, ta faɗi suna. "Modu ya tafi. Ya bar shuni a tukunya."

Yayana Sadiƙu ya kasa haƙuri. "Iya, wannan ai matsoraci ne! Ya fito mana!"

"Kai da kyankyaso ke kora daga banɗaki? Zauna, jarumi."

Har mutum tara suka tafi. Rundunar Mai duk ta tsallako, ta bar sarkinta shi kaɗai a bayan fili. A kusurwar Bukar kuwa akwai Kaigama, wanda ke tafiya miƙe komai nisa, bai motsa ba tun farko, domin dakare ɗaya ya tare masa hanya. Bukar ya daɗe yana kallon dakaren nan. Sannan ya janye dokin da ke tsaronsa. Mai ya cafke dakaren, hanya ta buɗe. Iya ta ja Kaigama tun daga gefenta har ƙarshen zane, ta buga shi ƙwas. Sarki ba gaba ba baya. Mutum shida suka koma gida.

Muka yi ta tafi. Ni ce kawai na tambaya, "Iya, dakaren nan wane ne?"

"Ƙanen Bukar ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Bai sani ba ko?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Yagana, shi fa ya jera su da hannunsa." Ta shafe zanen da tafinta. "Nan ta tsaya, kan kusu ya ishe ku. A tashi a yi isha'i."

Na girma ina tsanar Bukar. Na kuma girma ina son wasan, na koye shi sosai a jami'a, bayan Allah ya yi wa Iya rasuwa. Shekarun baya na shiga wata gasa, aka matse ni a lungu, abokiyar karawata ta kwaso komai nata ta zo kaina. Sai na ga hanyar, da dakare ɗaya a bakinta. Na janye masa tsaro, ta ci, na wuce na kashe sarkinta. Malaminmu na ces ya ce bai taɓa ganin na yi wasa mai kyau kamar wannan ba.

A hanyar gida, cikin adaidaita, muna wuce Goron Dutse, na riƙa kallon hannuna. Katako ne na bayar, na sani. Amma Bukar, a bakin Iya, ya daɗe yana kallo kafin ya taɓa dokin. Ni ko numfashi biyu ban yi ba.