Ordinater a Gindin Randa

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki muna zaune a Mayahi, maigidana yana aiki a biro, wato ofishin noma. Damina ta yi gardama, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Aiki ya ja baya, sai ya mai da hankalinsa kan ordinater, wato kwamfuta, da yake haɗawa da hannunsa.

Duk mai tafiya Maradi sai ya ba shi saƙo, wannan ya zo da akwatin, wancan da fanka. Ranar da wani direba ya kawo masa baret guda biyu, wasu 'yan faranti sirara masu haƙoran ƙarfe kamar matsefi, har madafa ya biyo ni.

"Zo ki gani, wannan ce ƙwaƙwalwarta. Yanzu za ta riƙe abu da yawa lokaci guda."

Na ce, "Malam, Allah ya sa ta tuna mana da ruwan sama."

Ya yi dariya, ya danna su a gurbinsu har suka ce ƙas. Ta yi sauri kuwa. Wasan tseren motoci da a da yake tafiya kamar amalanken jaki ya koma sumul. Amma da bazara ta kankama, sai ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar tsere. Ya cire murfin gefe, ya ƙara fanka, ya shafa wani farin mai a kan zuciyarta, duk a banza.

Wata rana na iske shi tsaye yana kallon lungun randunana, inda yashi yake da danshi kullum.

Na ce, "Kada ma ka fara."

"Aro za ki ba ni, zuwa saukar damina."

Na ƙi. Ruwan nan daga nesa ake turo mana shi, ban ga dalilin raba sanyinsa da ƙarfe ba. Ya rufe ordinater da zane. Kwanakin nan gidan ya yi shiru, ya dawo daga biro ya zauna yana sauraren sanarwar sojoji a rediyo, fuska a ɗaure. Ni na gaji da ganinsa haka. Na matsar da ƙaramar randa, na ce ya kawo ordinater.

Ya ɗora ta kan bulo, muka rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Ruwan wankin hatsi nake tarawa ina yayyafa wa buhun. Ranar ta yini ba ta mutu ba.

A lungun nan ya koya mini tuƙi. Ina zaune kan tabarma, kafaɗata jingine da randa, ina ta afka wa bango da jar mota, shi yana ihu, "Hagu! Hagu na ce!" Maƙwabciyarmu ta leƙo a guje, ta ɗauka faɗa muke. Da ta ga abin da ake, ta tuɓe takalmi ta ce saura ita.