Ruwan Jegona da Motar Auduga

Shekarun baya can, ana kashe fam da sule, na haifi 'yata ta biyu a Ƙarfi, cikin tsakiyar hunturu. Masu cewa sun san sanyi yanzu, ku yi mini shiru. Sanyin shekarar nan, man gyaɗa a kwalba sai an kai shi bakin murhu kafin ya yarda ya zubo.

Maigidana direba ne, yana jan babbar mota yana kai auduga Funtuwa. Mahaifiyata kuwa ta zo daga Matazu don ta yi mini wankan jego. Inna mace ce mai sa ido, ko allura ta canza wuri a ɗaki sai ta tambayi wanda ya taɓa ta. Tsakaninta da maigidana akwai kunya irin ta da. Tun da ta sauka, bai yarda sun haɗa ido ba, daga zaure yake durƙusawa ya gaishe ta ya wuce.

Akwai maƙwabciyarmu, Bamagujiya, gidansu na bayan namu. Ita ke kawo mana itacen jego. Da yake mai sammako ce, kafin kiran salla takan shigo ta hura wutar ƙatuwar tukunyar wankana, ba wanda ya sa ta, ba kuma a biyan ta wannan.

Wata safiya Inna ta buɗe tukunya ta tsaya turus.

"Ke, jiya da hannuna na cika wannan har baki. Ina ruwan ya tafi?"

Na ce ƙila tafasa ce ta ƙone shi. Ta harare ni. "Tafasar ce kuma ta kwashe garwashin murhu? Dubi nan, an yi kwasa da kasko."

Gobe ma haka, jibi ma haka. Ana cikin wannan sai jaririyar ta kama tari, ga kuka ba dare ba rana. Shi ke nan, Inna ta gama lissafinta. Ruwan mai jego da wutar mai jego, wa zai ɗiba a ɓoye in ba mai mugun nufi ba? Wa kuma ke shigowa da asuba? Ni kaina, Allah na gani, sai da zuciyata ta fara rawa. Matar ta miƙo hannu za ta ɗauki yarinya, sai in ce barci take, alhali idonta biyu tarwai.

Inna ba ta iya ɓoye abu ba. Ta tare maƙwabciyar a bakin murhu ta ce, "Baiwar Allah, me kike yi da ruwan wankan 'yata?" Matar ta dube ta, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta sunkuyar da kai ta fita. Wannan shirun ya ƙara wa Inna ƙarfi. Ta ce gobe za ta tara mata, a sa ta ta tsallake yarinyar a gaban kowa, kamar yadda ake yi wa mayya. A garinmu in aka kira mace mayya sau ɗaya, ba mai sake sayen itacenta, ba mai auren 'ya'yanta.

Na roƙi Inna mu bari mu gani da idonmu tukuna. Da asuba muka laɓe bayan zana, ni da ke jego ina kyarma cikin bargo, Inna riƙe da muciya. Matar ta shigo ta hura wuta ta fita. Ruwa ya tafasa. Can sai ga wani a duƙunƙune cikin mayafi, yana sanɗa. Ya cika bokiti, ya kwashi garwashi a kasko, ya yi waje. Muka bi shi.

Jama'a, maigidana ne! Ya tura kaskon ƙarƙashin injin motarsa, ya juye ruwan zafin a lagireto, ya kwanta a ƙasa yana fifita garwashin da hularsa. Ashe in sanyi ya yi yawa baƙin mai daskarewa yake, inji ya ƙi tashi. Sai an gasa shi daga ƙasa, an ɗumama shi daga sama, kafin a je ɗaukar kaya.

Yana ganin ƙafafun Inna, sai ya ƙara shigewa ƙarƙashin mota. Ita kuma ta juya baya tana fuskantar taya.

"Ina kwana, Inna," daga can ƙasa.

"Lafiya lau. To me ya hana a tambaya?"

"Inna, ruwan wankan jego ne. Da wane bakin?"

Dariya ta taso mini, amma ba ta fito ba, don na tuna wadda muka ɗora wa laifi.

Hantsi na yi Inna ta yafa mayafi, na bi ta duk da jegon. Muka iske matar tana faskare. Inna ta ba ta haƙuri, sannan ta ce, "Kin san shi ne, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ajiye gatari ta ce, "Kullum ina ganinsa. Amma da bakina zan kunyata mutum a gaban surukarsa? Mu ma muna da surukai, Inna." Sai ta dube ni. "Itace zan ci gaba da kawowa. Wutar dai ku riƙa hurawa da kanku."

Tarin yarinya ya warke da kansa, mura ce kawai. Mota ta ci gaba da shan ruwan zafi, har Inna ke ware mata nata bokitin. Abin da na koya shi ne, zargi ba ya neman mai laifi, wanda ya fi kusa kuma ya fi rauni yake kamawa. Har yau abin na ci mini rai. Mun zauna maƙwabtaka da matar nan har Allah ya karɓi ranta, ana gaisawa, ana biki tare, amma ƙafarta ba ta sake wuce zaurenmu ba.