Ranar da Malam Yunis Ya Kalli Surukinsa

Malam Yunis mijin yayata Liatu ne, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa. Ɗan Gozaki ne. Ya yi makarantar mishan, ya yi kwas ɗin mulki a Zariya, ya dawo Malumfashi yana aiki a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya. Shi ya yi ta zaga ƙauyuka a kan keke, yana lallashin masu unguwa, har aka haƙa rijiyoyi daga Kafur zuwa garinsu. Amma in an ce masa sannu da ƙoƙari, sai ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta.

A 1963 aka yi shelar gurbin karatu a Ingila, na koyon tsara manufofin gwamnati. Ya nema, aka kira shi Kaduna ganawa. Bawan Allah ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shiga ya durƙusa gaban Turawa biyu da wani babban sakatare. Aka nuna masa kujera, ya ɗan ɗosana. Aka tambaye shi me ya sa shi za a ɗauka, ya ce ai akwai waɗanda suka fi shi. Suka kuwa yarda da maganarsa, suka ɗauki wani.

Ni dariya na yi har da hawaye. Liatu kuwa kuka ta yi, don shekarunsa sun ja, in ya sake faɗuwa baɗi an rufe masa ƙofa ke nan.

Babanmu Maitama tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama a rundunar Ingila, ya san halin Turawa. Ya ce, "Mutanen nan in ba ka kalle su cikin ido ba, ɗauka suke ƙarya kake yi." Ya aika a kira surukinsa. Yunis ɗin da in ya hango Baba a kasuwa yake sake hanya.

Baba ya ajiye kujeru biyu a zaure, ya ce, "Zauna, Malam. Yau ni ne Bature. Kar ka cire takalmin nan."

Yunis ya zauna, idonsa a kan yatsun ƙafar Baba. Kowace Lahadi bayan sujada a coci haka ake yi, har aka cire auduga, babu abin da ke fita daga bakinsa sai "To, Baba." Ni ina bayan zana ina leƙe, tun ina dariya har ya fara ba ni tausayi.

Wata Lahadi Baba ya gaji. Ya ce, "Tashi ka tafi. Dama na ji an ce rijiyoyin nan aikin jami'in mulki ne, wato Di'o, kai jaka kawai kake riƙe masa."

Yunis ya ɗago kai. Wallahi ban taɓa ganin jijiyar wuyansa ba sai ranar.

"A'a, Baba, ni ne. Di'o bai san hanyar Gozaki ba. Ni na kwana a rumfunan kasuwa, ni matan garin suka zaga, ni na koma."

"Sake faɗa."

Ya sake faɗa, ido cikin ido, har da ƙari.

Da aka sake kiransa ganawa, haka ya je ya faɗa a Kaduna, da takalminsa a ƙafa. Damina na faɗuwa aka aiko da waya cewa ya samu. Muka raka shi tashar jirgin ƙasa ta Funtua, Liatu na kukan murna, ni ina ce masa kar ya durƙusa wa direban jirgin sama.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Bakori. Can Baba ya ce mini, "Matta, ashe yaron nan kyakkyawa ne. Duk shekarun da yake auren 'yata, ƙeyarsa da tsakar kansa kawai na sani."